In Kika Ji Wannan Ƙarar a Wuyan Yaro, Kada Ki Jira Gari Ya Waye

Hunturu ya kankama. Ƙura ta rufe hanyar Tsarnawa zuwa Tawa, har masu mota na kunna fitila da rana tsaka. Dare kuma sanyi. Daga Alela zuwa Bazaga, daga Dogarawa zuwa Badagishiri, da wuya ka shiga gidan da babu yaro mai majina. Mun saba. Amma cikin yaran nan akwai wanda murarsa ba za ta tsaya a hanci ba. Za ta gangara maƙogwaro, ta kumbura ƙofar numfashi. Uwar wannan yaron nake kira. Da ubansa. Da kakarsa. Ku saurara da kyau, don abin cikin dare yake zuwa, lokacin da kowa ya yi barci.

Ga yadda yake farawa. Yini ɗaya ko biyu yaro na mura. Jiki da ɗan ɗumi. Yana wasa, yana shan nono, babu wanda ya damu. An yi isha'i, an kwanta. Can tsakar dare sai ki farka da wani irin tari da ba ki taɓa ji a bakinsa ba. Busasshe, mai kauri, kamar haushin kare. Ya buɗe baki zai yi kuka, murya ta dishe. Sannan ki ji abu na uku, wanda shi ne abin tsoro. Duk sa'ad da ya ja numfashi ciki, sai wata ƙara mai kaushi ta fito daga wuyansa. Ba daga hanci ba. Ba daga ƙirji ba. Daga wuya.

Kin san wannan ƙarar? Kin taɓa jin ta? In kika ji ta daren yau, kin san abin da za ki yi?

Kumburin maƙogwaro ne, wanda ma'aikatan lafiya ke ce wa laranjit. Ƙwayar cuta irin ta mura ke kawo shi, kuma yadda mura ke yawo haka yake yawo: tari, atishawa, hannu mai majina, moɗa ɗaya da kowa ke sa wa baki. Ya fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 3, yana kaiwa har ɗan shekara 6. Babba ma yana kamuwa. Amma shi murya kawai ke dishe masa, ya kurɓi ruwan ɗumi ya kama hanyar kasuwa. Yaro ba haka ba ne. Hanyar iskar jariri, inda ta fi matsewa a ƙasan maƙogwaro, faɗinta wajen milimita 4 ne. Ku karɓi abin awon ɗan makaranta ku duba milimita 4 da idonku. In wurin ya kumbura da milimita 1 kacal a kewaye, kashi uku cikin huɗu na hanyar ya tafi. Da ragowar kashi ɗayan yaron zai ja iska har asuba. Wurin kuma guringuntsi ya zagaye shi, ba ya buɗewa ta waje. Kumburin ciki yake ci.

Ba zan ɓoye muku ba, yawancin yaran da ciwon ya kama suna warkewa cikin kwana 3 zuwa 7, wasu ma ba tare da an kwantar da su ba. Alhamdu lillahi. Amma wane ne ya gaya miki naki yana cikin yawancin? Goshinsa bai rubuta ba. Dole ki duba. Kuma dubawar ba ta bukatar boko.

Zauna. Ɗauke shi, ki jingina shi a ƙirjinki yana zaune, ba a kwance ba. Rarrashe shi. Ba shi nono in zai karɓa. Ki danne tsoronki, don in ya ga kin ruɗe shi ma zai ruɗe, kuka kuwa ƙara matse wuyan yake yi. Jira har ya yi shiru. Sannan ki kara kunnenki kusa da bakinsa.

Ƙarar ta tafi da ya natsu? Sai yana kuka ko yana tari take dawowa? Yana shan nono, yana kallonki, yana gane ki? To abin bai yi tsanani ba tukuna. Ki kwana a gefensa, kunnenki a buɗe. Da safe ki kai shi likita.

Ya yi shiru amma ƙarar na nan? Yana barci amma kina jin ta daga bakin ƙofa? Tashi. Ba gobe ba. Ba bayan asuba ba. Yanzu. Wannan ba ra'ayina ba ne. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake koya wa ma'aikatan gidajen likitanmu na CSI, wannan ƙarar a wuyan yaron da ya natsu alamar ciwo ce mai tsanani, na turawa asibiti da gaggawa.

Kunne ya gama nasa, saura ido. Kunna tocila. Ɗaga rigarsa. Dubi ƙasan ƙirjinsa, inda haƙarƙari ya ƙare. Lafiyayyen yaro in ya ja numfashi, ƙirji da ciki tare suke tashi. Wanda iska ke yi wa wuya, ƙasan ƙirjin lotsawa yake yi ciki, ya yi rami. Dubi gindin wuyansa, tsakanin ƙasusuwan nan biyu. Yana zurmawa duk ja? Ƙofofin hancinsa na buɗewa suna rufewa? Kansa na gyaɗawa tare da numfashi? Ja leɓensa na ƙasa a hankali ki ga cikinsa. Dubi harshe. Dubi farce. A fatarmu baƙa canjin launi ba ya saurin nunawa a fuska, a waɗannan wuraren ake ganinsa. In sun yi fari fat, ko toka-toka, ko shuɗi-shuɗi, iskar da ke shiga ba ta isar jininsa. Babu sauran shawara. Hanya kawai.

Akwai salula a gidan? Buɗe agogonta, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif yana natse. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Saurin numfashi yana iya nuna ciwon ya sauka huhu. Shi ma na likita ne, ranar nan.

Ya ƙi nono sam? Ya kasa haɗiyar ruwa? Miyau na dalala daga bakinsa? Duk abin da ya sha yana amayarwa? Ya sanƙare ko ya yi jijjiga? Kina tada shi ba ya tashi sosai? Ɗaya daga ciki ya isa. Kada ki jira su taru. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, da kin ji wannan ƙarar a wuyansa ki kai shi, ko da kin ga da sauƙi.

Yanzu ga inda ciwon nan ke yaudarar mutane. Sau uku yake yi.

Ga ta farko. Yaro ya yi awa biyu, awa uku yana kokawa da numfashi. Ya ƙi kwanciya, yana fizge-fizge, yana kama rigarki. Sai a hankali ya yi laushi. Ƙarar ta ragu. Tarin ya tsaya. Ido ya lumshe. Sai kaka ta ce: "Alhamdu lillahi, ya samu barci, ku bar shi." Inna, ki duba da kyau. Barci ne, ko gajiya? Yaron da ya samu sauƙi numfashinsa a kwance yake, ƙirjinsa ya daina rami, leɓensa ja, in an taɓa shi ya motsa. Yaron da ƙarfinsa ya ƙare shi ma yana yin shiru. Ƙarar ta ragu ne don iskar da zai ja ta ragu. Jikinsa ya saki, zufa mai sanyi a goshi, ido a juye. Wannan shirun shi ne mafi haɗari a duk daren. Daga shi sai tsayawar numfashi.

Ta biyu a hanya take. Kun fito, iskar dare mai sanyi ta bugi yaron, kafin ku kai rabin tafiya ƙarar ta lafa. Haka ne, sanyin iska yakan ɗan sassauta kumburin na ɗan lokaci. Sai mai kabu-kabu ya waiwayo ya ce: "Hajiya, ai ya warware, mu juya." Kada ku juya. Kumburin na nan. Kuna shiga ɗaki ƙarar za ta dawo.

Ta uku ita ta fi cin mutane. Gari ya waye, yaro ya sauka daga baya, ya ɗauki gwangwaninsa yana wasa. Murya a dishe, amma yana dariya. Sai a ce jiya iska ce ta taɓa shi, ta wuce. Maigida ya tafi garkar albasa. Uwa ta hau daka. Ba a je likita ba. Ku ji ni: ciwon nan da rana lafawa yake, da dare ya taso. Sau da yawa dare na biyu ko na uku ya fi na farko tsanani. Ranar da kuka ga kamar an samu lafiya, ita ce damar da Allah Ya ba ku. Rana ce, ana ganin hanya. Majo, shugaban gidan likita, na nan. Mota na wucewa. Me kuke jira? Ku jira duhu ya sake rufe ku a ƙauye?

Na san hanyar dare ba wasa ba ce. Na san akwai garuruwan da daga su zuwa kwalta tafiya ce ta gaske, cikin yashi, a amalanke. Shi ya sa nake cewa ku yi amfani da rana. In daren jiya ya yi muku wuya kuma garinku na nesa, bayan an duba yaron ku tambayi majo ko ku kwana kusa. Kowa na da ɗan'uwa ko abokin arziki a Ƙonni, a Malbaza, a Illela. Ku kwana a zaurensa. Kwana ɗaya a gidan mutane ba abin kunya ba ne.

Maza, yanzu da ku nake. Kaka ta wuce, an ɗaure hatsi, matasan Adar da na ƙasar Ƙonni sun watse bida. Wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu arewa. Wanda ya rage yana garka tun duhun asuba. Wa kuka bari da yaran? Kun bar wa uwarsu izini? Ko kuwa in yaro ya shaƙe ƙarfe biyun dare sai ta nemi layinka a Abijan, ta tarar waya a kashe? Sai ta je ta buga wa surukinta ƙofa, shi kuma ya ce a bari gari ya waye? Malam, tun kafin ka sa ƙafa a mota ka faɗa da bakinka, a gaban mahaifiyarka da ƙannenka: in numfashin yaro ya canza, ta fita, ko wane lokaci ne, ba sai ta tambayi kowa ba. In ka riga ka tafi, kira yau ka faɗa. Ka bar kuɗin mai a ƙulle a wuri ɗaya da ba a taɓawa. Ka sa mata lambar masu kabu-kabu biyu a waya, don ɗaya na iya kashe tasa. Ka nuna mata maƙwabcin da zai raka ta. Wannan aikin minti goma ne. Da-na-sani kuwa ƙeya ce.

Maganar kuɗi fa? Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin duba yaran da ba su kai shekara 5 ba a gidajen likita na gwamnati. Gaskiya ne wani lokaci a tarar magani ya yanke, a rubuta takarda a ce a sayo. Ko da haka ne, rashin kuɗi a hannu kada ya zaunar da ku. Ku je a ga yaron tukuna. Bashi ana biyansa.

Ga abin da ba za ku yi ba. Nan zan daɗe, don a nan ake asarar awannin da suka fi tsada.

Kada ku kira wanzami. Na san abin da za a ce: "Beli ne. Hakin wuya ne ya sauko ya toshe shi, a cire." Ba shi ba ne. Kumburin yana can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, inda ƙarfen wanzami ba ya kaiwa. Ku tuna yadda ake yin abin. A danne yaro, a buɗe bakinsa da ƙarfi, a danna harshe, yana ihu, a yanka. Jini ya zubo cikin maƙogwaron da dama kashi ɗaya cikin huɗu ya rage masa. Wuyan da ya kumbura, taɓawa kaɗai na iya sa ya rufe gaba ɗaya. Wanzami mutumin gida ne, yana da mutuncinsa ranar suna. Amma daren da yaro ke wannan ƙarar, ba aikinsa ba ne. Ku ma kada ku zura cokali ko yatsa don ku leƙa.

Kada ku yi masa sirace. Tukunyar tafasasshen ruwa, zane a rufe, yaro na fizge-fizge a cikin duhu. An gwada tururi a asibitoci, ba a ga yana rage wannan kumburin ba. Ƙuna kuwa an gani. Kada ku turara masa hayaƙi, ko na turare, ko na saiwa, ko na me. Hayaƙi ƙara fusata maƙogwaro yake yi. Kaskon garwashin da kuka shigar ɗaki don sanyi, ku fitar da shi. Mai shan taba ya fita waje. Ku buɗe ƙofa iska ta shigo, ku lulluɓe yaron da zane.

Kada ku yi masa ɗura. Ba man shanu, ba jiƙo, ba kunu. Yaron da ke kokawar numfashi in an toshe masa hanci an zuba abu a baki, huhu yake tafiya. A ba shi nono ko ruwa kaɗan-kaɗan, in ya karɓa da kansa. In ya kau da kai, a bar shi. Zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Man zafi kuma ba a cusa shi a hancin yaro. Addu'a fa? A yi, a yi da yawa. A yi tofi yaro na goye, ana tafiya. Malam na ƙwarai ba zai ce ku zauna jiran rubutu ya bushe ba.

Kada ku tsaya wurin mai tallan magani. Kun san shi, da tirensa a kai ko kwalinsa a bayan keke, magani na gasuwa a rana tun daga kasuwar Ƙonni har Gidan Idar. Zai ba ku siro na tari. Siron tari ba ya buɗe maƙogwaro. Wani ma sa barci yake yi, ya rufe muku alamun da ya kamata ku gani. Kuma wa ya san abin da ke cikin kwalbar? A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela kan wasu siro huɗu na tari da mura, bayan mutuwar yara 66 a Gambiya da ciwon ƙoda. Iyayensu ma sauƙi suka je nema. Zai ba ku kafso ja da rawaya. Kafso ba ya kashe ƙwayar cutar mura. Zazzaɓi in ya dame shi, farasitamol na yara daidai nauyinsa ya isa. Asfirin ba na yara ba ne.

To me likita zai yi da ku ba za ku iya ba? Abin takaicin ke nan, maganin ba mai tsada ba ne. Akwai maganin rage kumburi, deksametazon, ko ɗan'uwansa firednizolon. Ana auna yaro, a ba shi daidai nauyinsa, yawanci sau ɗaya tak, ta baki ko ta allura. Cikin ƴan awanni wuya ya fara saki, aikin maganin kuma ya kai shi kwana biyu zuwa uku, wato ya tsallakar da shi dararen nan masu wuya. Shi ya sa ko mai sauƙin ma ake so a kai shi da rana. Wata za ta ce: "Deksa? Ai ina da shi a ɗaki." E, shi ne wanda wasu ke sha don ƙiba, sha-ka-fashe. Kada ki kuskura. Ba ki san adadin ba, ba ki san ingancin na kasuwa ba, kuma ba ki tabbata ciwon da ke wuyan ɗanki ke nan ba. In ya yi tsanani, a asibiti ana shaƙa masa adiranalin ta na'ura mai fesa shi kamar hazo, a sa masa iskar oksijan. Adiranalin na aiki cikin mintuna. Amma bayan kamar awa biyu ƙarfinsa na gushewa, ƙarar na iya dawowa. Don haka in an ce ku zauna a sa masa ido, ku zauna. Kada ku ga ya yi wasa ku naɗe tabarma ku sulale.

Na ce ba ki tabbata ciwon ke nan ba. Ga dalili. Akwai wasu cututtukan da ke shigowa da wannan ƙarar, kuma sun fi shi kisa.

Mashaƙo. Kun ji labarinsa. Tun ƙarshen 2022 ya ɓarke a Kano, ya kama dubbai, yawancinsu yaran da ba a yi wa rigakafi ba. A 2023 ya bayyana a jihar Damagaram, wajen Matamaye. Mu kuma a bakin iyaka muke. Tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya kullum mutane na kai da kawowa, har Sakkwato. Cuta ba ta tsayawa a duba mata takarda. Yaro mai mashaƙo yana ciwon wuya, jiki a mace, zazzaɓin ba lalle ya yi zafi ba. Wuyan na kumbura ta waje, ya yi kauri. In ya buɗe baki da kansa za a iya hango wani farin abu mai toka-toka ya manne a maƙogwaro. Kada a kankare shi, jini zai yi. Wannan fatar tana iya rufe hanyar iska, dafin cutar kuma yana taɓa zuciya ko bayan makonni. Maganinsa na asibiti ne kaɗai, allurar karya dafi da maganin kashe ƙwayar, kuma kowace rana da aka yi jinkiri tana rage amfaninsu. Yana yaɗuwa. Sauran yaran gidan ma sai an duba su.

Ƙyanda, baƙon dauro. Lokacinta na tafe, daga tsakiyar rani zuwa bazara. Yaron da ƙyanda ta fito masa, ko ta fara bajewa, sannan murya ta dishe, ƙara ta fito a wuya, yana cikin haɗari babba. Na san al'ada: mai ƙyanda ba a fitar da shi, ba a kai shi likita, a rufe shi a ɗaki har ta gama. Wannan al'adar ta binne yara. In numfashi ya canza, ku fito da shi.

Akwai kuma kumburin murfin maƙogwaro. Shi ba ya ba da lokaci. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya. Yaro ya zauna ya miƙa wuya gaba, baki a buɗe, miyau na zuba, ya ƙi magana, ya ƙi kwanciya. Tarin haushin ma babu. Kada ku kwantar da shi. Kada ku buɗe masa baki. Yadda ya zaɓi zama, haka za ku ɗauke shi. Haka nan yaron da ya kwana biyu da tarin nan, maimakon sauƙi sai zazzaɓi ya ƙaru, jiki ya yi yaushi: wata ƙwayar ta hau kan ta farko. A koma likita a ranar.

Sai wanda ba cuta ba ne. Yaro lafiya lau, ba mura, ba zazzaɓi, yana wasa kusa da inda ake ɓarar gujiya. Farat ɗaya ya sarƙe, ya hau tari, ƙara ta fito. Ƙwayar gujiya ce, ko wake, ko ƙwallon magarya, ko dutsen ado. In yana iya tari da ƙarfi, ku bar shi ya yi, ku kama hanya. In ya kasa tari, ya kasa kuka, kuma jariri ne, kifa shi a kan hannunki, kai ya fi gindi ƙasa, ki bugi tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau biyar. Bai fito ba? Juya shi, ki danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau biyar. Ki maimaita. Kada ki zura yatsa kina lalube, tura shi ciki za ki yi. Ko ya lafa daga baya, a gaya wa likita abin da ya faru, don ƙwayar na iya sauka huhu ta zauna.

Yanzu tashi ki ɗauko karnen yaron, wato katinsa na rigakafi. Yau, ba gobe ba. Buɗe. Allurar nan ta cinya da ake kira Penta, sau uku ce: sati 6, sati 10, sati 14. Ita ke tare mashaƙo, da tarin shiƙa, da ƙwayar da ke kumbura murfin maƙogwaro. An yi ukun? Ko an yi ɗaya, yaro ya yi zazzaɓi, maigida ya ce ba a ƙara? Ta ƙyanda a wata 9, da ta biyunta bayan ya shekara, an yi? In akwai gurbi a karnen, lokaci bai ƙure ba. Ba a sake farawa daga farko, ɗorawa ake yi. Kai shi ranar awo mai zuwa. Kumburin maƙogwaro irin na mura ba shi da allurar kansa, gaskiya ne. Amma waɗannan da ke fakewa a bayansa suna da ita, kuma kyauta ce.

Limamai, ku faɗa bayan sallah. Masu gari, ku sa a yi shela. Ungozoma, matan da ke zagayawa gida-gida don lafiyar yara, ku kwaikwayi ƙarar da bakinku a gaban mata, su ji ta tun kafin su ji ta a ɗakinsu. Mai kabu-kabu, in an buga maka waya tsakar dare an ce yaro ne, kada ka tsaya ciniki.

In kun tashi tafiya, ga yadda za ku yi. Uwa ta riƙe shi, don a hannunta ya fi natsuwa. A zaune, a ƙirjinta, fuska a buɗe. Kada a goya shi a baya a rufe kansa da bargo, inda babu mai ganin leɓensa. A yafa masa mayafi mara nauyi saboda ƙura, a bar hanci a sarari. A ɗauki karne. A ɗauki duk maganin da aka riga aka ba shi, da kwalbar da kwalin, a nuna, kada a ɓoye don tsoron faɗa. Kuna isa kada ku bi layi. Ku wuce kai tsaye ku ce: "Yaron nan ba ya numfashi daidai." In ƙofa a rufe take, ku buga. Ku tada mai gadi, ya tada majo.

In majo ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, a wuce babban asibitin Ƙonni, ko Illela, ko Galmi, ko Tawa, ku karɓi takardar ku wuce. Kada ku ce sai an yi shawara da gida. Kada ku biya ɗaukar tabarma da kwano. A biyo ku da su.